Ranar Da Na Tura Motar Auta

Ko zan tsufa har haƙorana su zube, in manta hanyar gidanmu, ba zan manta jajibirin Babbar Sallar da na tura motar ƙanwata ba. Ina ɗan shekara goma sha uku lokacin, ga ƙiba, ga cika baki. Don na taɓa gyara tocilan ɗin Kaka sau ɗaya, sai na sa yaran layinmu a Rikkos, cikin Jos, suna kirana Injiniya.

Kawunmu ne ya aiko wa Auta motar daga Legas. Wata ja ce mai aiki da batir, da fitilu, da hon, da waƙa. Auta shekararta huɗu, kuma an yi mata alkawarin ranar Sallah za ta fara fita da ita. Kullum da safe sai ta je ta goge ta da ɗankwalin Mama, har magana take mata. Baba kuwa ya kafa doka yana kallona ido cikin ido: "Duk wanda ya wuce shekara shida ya sa ƙafa a motar nan, ni da shi ne."

Na ce, "Haba Baba, ni da motar yara?"

Ana gobe jajibiri da la'asar, kowa ya tafi bayan gida kallon rago. Na zo wucewa, motar ta kalle ni, na kalle ta. Wallahi ita ta fara. Na cusa kaina ciki, gwiwoyina suka taɓo kunnuwana, na taka totur. Ta ɗan yi kuka, ta ja ni kamar taku goma a tsakar gida, ta fara hawa ɗan tudun bakin rijiya. Sai na ji ƙas! Fitilu suka mutu, waƙa ta tsaya a tsakiya. Na taka, shiru. Na murɗa, shiru. Na jona mata caji, na roƙe ta da girman Allah. Ko tari ba ta yi ba. Na mayar da ita mazauninta, na lulluɓe ta, na je na fi kowa yabon ragon.

Sai dai a san wani abu. Duk ilimina na mota a wurin tsohuwar motar Baba na samo shi. Ita ba ta shiri da sanyin Jos. Shi ya sa Baba ke ajiye ta kullum hancinta na kallon gangara, da safe mu fito mu tura, ta yi tari uku ta tashi. Rabin motocin layinmu haka suke kwana. Don haka a karatuna, ciwon mota ɗaya ne, sanyi, maganinta kuma biyu, ɗumi da turi.

Da safe Baba ya fita sayo gawayi da kayan miya. An kwana ana yayyafi, sanyi har cikin ƙashi. Na jawo motar kusa da kaskon wutar da Kaka ke jin ɗumi, na rufa mata bargo.

"Kai maigidan banza," in ji Kaka, don haka take tsokanata, "kishi kake da motar har za ka gasa ta? Ko ita ce ragon naka?"

Na ce, "Mura take yi, Kaka."

"To shafa mata man zafi mana."

Auta ta fito ta danna hon, ba ta ji komai ba. Ta kalle ni, leɓenta ya fara rawa. "Yaya, ta mutu?" Wannan fuskar ta fi bulalar Baba zafi. Na dafa ƙirji na ce, "Sanyi ne kawai. Turi ɗaya za ta tashi."

Na fitar da motar ƙofar gida, na saita ta da gangara. Na ɗaure totur da kyauron roba don ya zauna a take, na yi bisimilla, na tura da duk tuwon da na ci tun haihuwata. Motar ta tafi. Kai, ta tafi! Babu direba, babu birki, ni a baya ina gudu ina ihu, "Ta kusa tashi! Ta kusa tashi!" A ƙasan gangarar akwai wata mama da ke kawo dankalin Turawa daga wajen Vom, ta jera shi tsibi-tsibi gwanin sha'awa. Motar ta shige tsakiya. Ni dai na tabbata akwai dankalin da har yau bai daina gangarawa ba.

"Wayyo Yesu! Yaron wane ne wannan?" in ji ta.

Ina durƙushe ina tsince dankali a kwata sai na ga takalmin da na sani. Baba ne, da buhun gawayi a bayan ɗan acaɓa. Ya ba mamar haƙuri, ya tsaya har na tsince na ƙarshe na wanke, sannan ya tambaye ni abin da ya faru. Na ce sanyi ne ya kashe motar, ni taimako nake yi. Ya ce in ɗauko ta mu tafi unguwar Congo-Russia wurin abokinsa, wani Inyamuri mai gyaran janareta da rediyo.

Mutumin ya saurari bayanina har ƙarshe, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ka tura shi? Oga, yaronka ya tura motan batir! Wannan ba injin a ciki, ko ka tura shi har Bauchi ba zai tashi ba."

Ya ɗauko sukundireba ya cire kujerar. Ya auna batir, ya ce da caji. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana ja a hankali, duk suna nan daram. Ya leƙa ƙarƙashin totur, ya kwance kyaurona, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Sannan ya nuna wani ɗan baƙin abu kamar akwatin ashana, mai maɓalli a kai. Ya danna da ɗan yatsa. Fitilu suka kama, waƙa ta ci gaba daga inda ta tsaya. Gyaran da na kwana ina yi wa addu'a bai kai ƙiftawar ido ba.

Har na fara murmushi, sai Baba ya tambaya, "Sanyi ne ke sa shi haka?"

"Wane sanyi? Wannan mai gadi ne. In kaya ya yi nauyi, shi yana yanke wuta don mota kar ya ƙone. Oga, babban mutum ya hau wannan mota." Ya juya kujerar, ga tsaga a tsakiya. Ya kalli tsagar, ya kalli bayana. "Mutum kamar buhun masara."

Na ce, "Baba, taku goma ne kawai."

Ban sha duka ba, kuma da an ba ni zaɓi da dukan na ɗauka. Baba ya ce tunda ina son mota, ya ba ni aiki a jikinta. Ranar Sallah Auta ta shiga motarta da lallenta da sabon ɗankwali, tana danna hon, tana bin layi har inda ya fara gangarewa, ni ina riƙe da bayan. Dawowa kuwa tudu ne, Baba ya ce kada a wahalar da mai gadi. Sai in ɗora motar a ka, cikin sabuwar shaddata, in hawo da ita, Auta na gaba tana cewa, "Yaya, yi sauri, fasinja na jira." Mun yi sawu ya fi dubu. Kaka na bakin ƙofa da tsokar nama a hannu, duk hawowa sai ta ce, "Sannu Injiniya, ta tashi?"

Yanzu shekara huɗu ke nan, motar ta koma hannun 'ya'yan maƙwabta, kuma duk ranar da ta ƙi tashi ni ake kira. Nakan duba caji, in bi wayoyi, in leƙa mai gadi, kafin nan kuma in tambaya wa ya hau. Abin da na koya shi ne ba kowace mota ce motar Baba ba, a buɗe a duba kafin a tura. Kuma da na faɗi gaskiya tun a bakin rijiya, da ɗan yatsa ɗaya ya gama aikin da wuyana ya wuni yana yi.