Kofin Shayin Adda Hapsatu

Ku da za ku fara koyon aiki bana, akwai wata Laraba da har yau ba ta bar raina ba. A dogon hutu ne, saura mini shekara ɗaya a lise, wato sakandare, ina zuwa wani ƙaramin ofishin masu rubuta manhajar kwamfuta a unguwar Roumdé Adjia.

Ga yadda aikin yake. Duk wanda ya rubuta sabon abu sai ya tura wa wata na'ura, ta haɗa shi da na sauran ta gwada. In ya yi daidai, shiru. In ya lalace, ta aika saƙo da sunan mai kuskuren. A wasu wurare kowa ke ganin saƙon. A wurinmu Adda Hapsatu, wadda ta fi kowa daɗewa, ta ce ba za a kunyata babba a gaban na ƙasa da shi ba. Ta saita na'urar, saƙon yana zuwa wayarta kaɗai. In ya zo sai ta zuba shayi a wani kofi mai tsagaggen baki, ta ajiye a gaban mutumin, ta raɗa masa. Kowa ya san ma'anar kofin, kowa kuma sai ya kau da kai.

Ni ce mai wanke shi. Ita ce kuma kaɗai ke zaunar da ni kusa da ita, tana nuna mini layin da ya karye, hannunta na ƙamshin lalle. Sai ta sami aiki a Douala, ta tafi.

A lokacin muna kan manhajar wani ƙaramin asibiti a Bogo, wadda za ta riƙa faɗa musu maganin da wa'adinsa ya ƙare. Ranar Juma'a za a kai.

Kwana tara kofin na kan taga, har gizo ya fara saƙa a ciki. Hamma Bello, mai saurin hannu da saurin baki, ya ce, "Tun da Adda ta tafi muka zama gwanaye. Ashe ita ke jawo mana kuskure." Aka yi dariya. Ni ban yi ba, domin na san ban taɓa kwana biyu ban wanke kofin nan ba.

Ranar Larabar, sau uku na je bakin teburin patron, shugaban ofishin, Malam Hamadu, ina dawowa. A ƙarshe na wanke kofin, na zuba shayi, na ajiye a gabansa. Kowa ya kau da kai.

Ya ce, "Maryama, me na yi?"

Na ce, "Ban sani ba, patron. Amma saƙon na'urar, wurin wa yake zuwa yanzu?"

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya kira Adda, ya buɗe muryar wayar.

Ta ce, "Kullum suna zuwa. Na zaci an ƙara lambarka, kai ma kana samu. Lissafin wa'adin magani ya karye tun wancan mako."

"To me ya hana ki cire lambarki?"

Muka ji ƙarar ruwan sama a can wajenta. Ta ce, "Ta nan nake sanin wa ya zo aiki. In na ga sunan Bello, na san ya sake gaggawa, sai in ji kamar ina zaune da ku." Sannan ta ce, "Wa ya gane?"

"Ƙanwarki."

"A gaya mata ta kula da bakin kofin, yana yanka."

Kafin la'asar ta Alhamis aka gyara. Patron ya ce a sa lambarsa da tawa, a cire ta Adda. Ban san inda na sami murya ba, na ce a bar ta. Ya bar ta.

Abin da na koya shi ne, in na'ura ta yi shiru, ku tambaya, wa take yi wa magana. Ni dai duk ranar da na yi kuskure ba na baƙin ciki sosai. Na san sunana ya isa Douala.