Gawata Ba Za Ta Jira Rani Ba

Wani mutum ya taɓa yi min alkawarin zai ajiye gawata a cikin firji har damina ta wuce. A mota ya faɗa min, muna hanyar asibiti, ina kwance a kujerar baya ina riƙe da marata. Kuma don yana ƙaunata ya faɗa.

Ibo ne. Yana sarin shinkafa a kasuwar Relief da ke Anaca. Ni ɗan dakonsa ne, ina sauke masa buhu tun kaina bai yi furfura ba. A Sabon Garin Kano ya tashi, don haka Hausarsa ta fi ta yaranmu da aka haifa a nan. Ina ce masa Oga, yana ce min mutumina.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Na ga gobarar kasuwa. Na ga rikicin da ya sa muka ɓuya a ƙarƙashin tirela. An taɓa hankaɗa ni cikin kwata, ni da barona da kayan mutane. Ban yi ihu ba. Amma ɗan dako, in buhu ya hau kansa, baki ya rufu, sai ƙwaƙwalwa ta shiga aikin banza. Tambayoyi ke zuwar min. Me ya sa mutumin da ya mare ni yake kirana aboki? Me ya sa mutanen nan suka fi son ganda a kan tsoka? Me ya sa mutum zai gina bene a ƙauye ya bar wa ƙadangaru, shi ya zo birni yana kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yansa? Kajin Anaca ma ban gane musu ba. Kazar garinmu in ta ji keke sai ta tsere. Ta nan tsayawa take ta kalli tifa ido cikin ido. Wa ya koya mata? Ba na tambayar kowa. In na sauke kaya, sai tambayoyin su sauka tare da shi.

Ɗaya ce ta ƙi sauka, ita ce ta gawa.

Wata rana da yamma aka ce mahaifiyar Oga ta rasu. Washegari na yi wanka, na sa rigata ta Juma'a, na nufi gidansa ina jin kunya, don na san jana'iza ta wuce ni. Aka ce min ai yana kasuwa. Na same shi a shago yana ciniki da wata mata.

Na ce, "Oga, ya haƙuri? Allah ya ba da dangana. Ka yafe ni, ban samu jana'iza ba."

"Wace jana'iza?"

"Ta Mama."

"Haba mutumina. Ai sai rani. Yayana yana ƙasar waje, ƙanwata cikinta ya tsufa, gidan ma ko fenti ba a yi masa ba."

"To ita tana ina?"

"Tana mutuware."

Na ce har rani? Ya ce har rani. Ya juya ya ci gaba da cinikinsa.

Ranar buhu ya faɗo daga kaina, abin da bai taɓa faruwa ba. Na san tsohuwar nan. Ko ana zafi da rigar sanyi take zama. In aka kunna fanka sai ta yi faɗa. Ita ce aka sa a ƙanƙara. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, ita nake tunawa. Na daina sayen ruwan leda mai sanyi. Sannan wata tambaya ta ƙara min nauyi. Mala'ikun tambaya dai a kabari suke samun mutum. To su ma jira za su yi har rani, ko can za su bi ta? Na tambayi wani malami a masallacin unguwarmu. Ya kalle ni ya ce in tashi in ba shi wuri.

Rani ya zo. Na ɗauki buhun albasa na gudummawa na bi su ƙauye. Tun daga bakin gari hoton tsohuwa a jikin kowace bishiya, kamar tana neman kujerar kansila. Dangi sun yi anko, fuskarta a ƙirjin kowa da gadon bayan kowa. Masu zani kuwa, har inda ake zama tana nan. Na ga jikarta ta ja kujera ta zauna daram a kan fuskar kakarta. Na kau da kai.

Ga badujala, ga rumfuna, ga abinci kamar ana bikin ɗan fari. Sai ga wasu samari da farar safar hannu sun fito da akwatin a kafaɗa, suna rawa. Su yi gaba, su yi baya, su durƙusa, su miƙe. Ni ɗan dako ne, na san kaya. Ko buhun garin kwaki ba na girgiza shi haka.

Kafin nan an shigar da mu ɗaki mu yi mata kallon ƙarshe. An kwantar da ita a gado, an shafa mata hoda, an sa mata takalmi mai tsini da tabarau. Tana da rai silifa na san ta da shi. Ina za ta da wannan takalmi? Me za ta karanta da tabarau? A bakin gadon Oga ya durƙusa yana kuka, kuka na gaske, har da majina. A nan na ƙara rikicewa. Na zaci mutumin da ya iya ciniki washegarin mutuwar uwarsa ba shi da hawaye. Ashe ajiye su ya yi, su ma har rani.

Na dawo Anaca na ci gaba da dakona. Al'adarsu ce, gawarsu ce. Ban san wata rana abin zai zo kaina ba.

Shekaru suka wuce, kaba ta kama ni, ciwon 'yan dako. Na daɗe ina tura ta da hannu tana komawa. Wata safiya cikin damina ta fito ta ƙi komawa. Na faɗi a ƙofar shago ina amai. Oga ya rufe shagon, ya sa aka ciccibe ni zuwa motarsa, ya ce Inugu za mu, akwai likita ɗan garinsu a can da ya yarda da hannunsa.

Muna tafe, kowane rami mota ta faɗa sai in ji kamar an soka min wuƙa. Na fara kalmar shahada da ƙarfi. Ya san abin da nake faɗa, ai a Kano ya tashi. Ya waiwayo.

"Kada ka ji tsoro, mutumina. Ba za ka mutu ba. In ma ka mutu, na rantse sai Anaca ta san an yi rashi. Zan sa ka a mutuware mai kyau, mai janareta. In damina ta wuce in buga fosta, in yi riguna, in yanka saniya. Duk ɗan dakon da ke Relief sai ya sa fuskarka."

Ciwon ya tsaya cak. Sai da na ɗago kai.

"Oga, tsaya."

"Fitsari za ka yi?"

"Sauke ni."

Ya ce zazzaɓi ne ya hau kaina, ya ƙara wuta.

Na kwanta ina lissafin halin da nake ciki. Ba ni da dangi a kudu. Matata ta rasu, 'yata ɗaya tana aure a arewa. Shi ya ɗauko ni, shi asibiti zai sani. In na mutu a hannun likita, shi za a miƙa wa ni. Kuma mutum ne da in ya ce zai yi, sai ya yi. Da mayaudari ne da hankalina ya kwanta.

A asibiti likita ya latsa cikina ya ce tiyata yanzu-yanzu. Suka zo za su tura ni. Na kama ƙarfen taga da hannu biyu. Hannun da ya yi shekaru yana ɗaga buhu, ba nas ce za ta ɓamɓare shi ba.

Na ce, "Ba inda za ni sai an kira min liman."

Nas ta yi masifa, likita ya yi Turanci, ban saki ba. Oga ya fita da gudu ya nufi unguwar Hausawa. Ya dawo da wani dattijo mai farin gemu, limamin wani masallaci a can, ko takalminsa bai gama sawa ba. Dattijon ya ga yadda nake, ya zauna ya fara Yasin.

Na ce, "Allah gafarta malam, ba wannan ba tukuna. Gaya wa mutumin nan, in na mutu yau, yau nake so a binne ni."

Oga ya buɗe baki. "Yau? Kamar kaza?"

Liman ya ce, "Kamar Musulmi, maigida. A wanke shi, a sa masa likkafani, a sallace shi, a kai shi makwancinsa. Kafin la'asar an gama."

"Na san haka kuke yi, na gani a Kano. Amma wannan nawa ne, Baba. Akwati fa?"

"Babu."

"Ko takalmi?"

"Ina za shi?"

Duk da ciwon sai da na ji daɗi. Ashe ba ni kaɗai nake wannan tambayar ba.

Oga ya hau zagaye ɗakin. "Mutumin nan yana min aiki tun ina da rabin shago. In naɗe shi a farin ƙyalle in jefa rami, mutanen kasuwa su ce me? Su ce na ci ƙarfinsa na yar da shi? Kuma in bai gama mutuwa ba fa? Ku Hausawa, mutum ya yi dogon suma, kafin ya farfaɗo kun dawo daga maƙabarta kuna cin goro."

Liman ya yi dariya ya ce, "Mun san gawa, maigida. Mun daɗe muna wanke ta."

"To 'yarsa fa? Daga garinsu zuwa nan kwana ake yi a mota. Ta iso ta ga me? Ƙasa?" Ya juyo kaina. "Kai mutumina, da babanka ya mutu, ka gan shi?"



Ban gan shi ba. Ina Fatakwal a lokacin, ina saurayi, ina dako. Saƙo bai iske ni ba sai da aka yi sadakar uku. Na je na tarar da tudun ƙasa, an jera masa ƙaya saboda dabbobi. Aka ce min ga shi nan. Na tsaya na yi addu'a na juyo. Tun daga ranar har zuwa kan gadon nan, bai taɓa zuwa min a rai cewa a nan ma akwai tambaya ba. Na yi shekaru ina binciken kajin mutane da benayen mutane, wannan kuwa tana cikin gidanmu ban gan ta ba. Yanzu ko fuskarsa in na nema ba ta zuwa min sosai. Gemun nake tunawa, da hular.

Na ce, "Ban gan shi ba."

"To ka gani."

"Amma na san bai kwana a waje ba. Ni ma haka nake so."

Nas ta leƙo ta ce mu gama taronmu, hanjin mutum yana ruɓewa.

Oga ya share ido da bayan hannu. Ɗan kasuwa ne, sai ya koma ciniki.

"Saniyar fa?"

Liman ya ce, "In an binne shi ka kawo ko biyu ne. Sadaka ce. Amma mu za mu yanka."

"Rigunan?"

Na ce, "A'a."

"Fosta ɗaya. 'Yar ƙarama. A ƙofar shago kawai."

"Oga, ko hoto ba ni da shi."

"Ina da shi a waya. Kana barci a cikin baro, bakinka a buɗe."

"Goge."

Ya goge a gabana. Sannan ya taɓa ƙasa da yatsa, ya lasa, ya ɗaga sama, irin rantsuwarsu. Ya ce in Allah ya ɗauke ni, zai miƙa ni ga Baba Liman da hannunsa, rana ba za ta faɗi ina waje ba. Liman ya ce ya shaida. Sai na saki ƙarfen.

Ban mutu ba. An yanke min wani yanki na hanji, aka ce ni da buhu har abada. Da na iya miƙewa na hau mota na tafi arewa wurin 'yata. Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo fura. Na ce ta ajiye ta zauna a gabana.

"Kalle ni."

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Kalle ni dai da kyau."

Ta kalle ni, ta sunkuyar da kai don kunya, na ce ta ɗago. Ta zaci aikin da aka yi min ya taɓa min hankali. Ban yi mata bayani ba.

Da na dawo, Oga ya ce in zauna a shagonsa ina gadi, ba ɗaukar komai, albashina yana tafiya. Na gode masa na ƙi. Rantsuwa ya yi, na sani. Amma na ga idonsa lokacin da yake yi. Mutum mai ƙauna irin tasa, in ya ga gawa, yana iya canza ra'ayi.

Yanzu ina Fatakwal. Wani ɗan garinmu ya ba ni gefen rumfarsa a kasuwar Oil Mill, ina kasa albasa a zaune. Oga yana kira duk sallah, yana zagina, ina zaginsa. Ɗakina yana jikin katangar masallaci. In na yi tari ladan yana ji.