Turancin Raino a Nuzla

Wata ƙungiyar 'yan Najeriya masu aikin kwangila a Jidda ce ta gayyace ni, ta hanyar mijin yayata, in je in koyar da Turanci kyauta a dogon hutun makaranta. Likitoci ne da injiniyoyi, irin mutanen da ko gaisuwa sai sun yayyafa mata Turanci. Suka ce za su sauke ni a gidan wata baiwar Allah a unguwar Nuzla don in saba da jama'a. Sai daga baya na gano matansu ne suka ce ba wadda za ta riƙe baƙuwa hutu guda.

Matar gidan Bakatsiniya ce, ta zo aikin Hajji da ƙuruciyarta, ta ga wuri ta zauna. Inna nake ce mata. Ɗakunanta biyu a saman wani tsohon bene, da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarar injin markaɗe, wadda ba ta sanyaya kowa sai bangon da ke gabanta. Zafin Jidda kuwa jiƙaƙƙe ne, mutum ya fito daga wanka ya rasa inda ruwa ya ƙare gumi ya fara.

Inna ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, haka ma duk matan da ke cika mata falo bayan la'asar da sunan ɗalibaina. Aikatau suke yi a gidajen Larabawa. Wadda duk aka kama ba takarda, sai jirgi, da kayan jikinta. Ga Inna da jikoki biyu marayu a hannunta, nan aka haife su, ba su da kowa a garin sai ita.

Ƙungiya ta ba ni wani littafi mai kauri. Darasin farko, yadda ake kama ɗaki a otal. Na dage ina karantawa, suna kallona da ladabi suna fifita da kwali, har Inna ta gaji.

"Malama, halas, ya isa haka, rufe littafin nan," in ji ta. "Mu da otal sai dai wankin zanin gado."

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Yanzu matan Larabawa sun fi son masu raino 'yan Filifin, saboda suna yi wa yara Turanci. Sai ka ga Bahaushiyar da ta goya uwar gidan da kanta an ce mata ta tafi ta huta. Abin da suke nema a wurina shi ne Turancin da za su tsawata wa yaro da shi.

Haka na ajiye digirina a gefe, na koma koyar da wanke hannunka, ajiye wannan, kar ka taɓa. Na koya musu idan yaro ya bi umarni a yaba masa, har muka mayar da yabon amshi, kowa ta faɗa tare. A kan junansu suke gwadawa, wata ta zama yaro mai ƙiriniya, wata ta daka mata tsawa, mu yi ta dariya har cikinmu ya ƙulle. Inna ba ruwanta da nahawu, amma muryarta kaɗai ta isa ta sa ɗan shekara arba'in ya wanke hannu. Ranar da wata ta zo ta ce uwar ɗakinta ta fasa sallamarta, wallahi na ji daɗin da ban taɓa ji a aji ba.

Shugaban ƙungiyar, wanda kowa ke kira Dakta, bai leƙo ba sai ranar rufe aji. Tun a waya na roƙe shi kada a ɗauki hoto. Ya ce ai 'yan ƙungiya ne kawai za su gani. Ni kuwa na san wayoyin 'yan ƙungiyar nan, abin da aka saka da la'asar, kafin magariba ya zaga Jidda ya isa Kano.

Ya ajiye motarsa can nesa, ya hawo bene yana haki, turarensa ya riga shi shigowa. Ya kawo lemon kwalba mai ɗumi da wani ƙyalle mai ɗauke da sunan ƙungiya. Ya yi jawabi da Turanci zalla kan yadda suka fito da 'yan'uwansu mata daga duhu, matan na gyaɗa kai kamar suna ji. Raina ya fara ɓaci tun daga nan.

Sai ya zaro waya ya fara ɗaukar bidiyo. Mata suka shiga jan mayafi suna rufe fuska, amma ga taga a buɗe, ana ganin layin da allon shagon ƙasa, ga jikokin Inna a bakin ƙofa. Na yi magana, ya ɗaga mini hannu. Inna ta haɗa shi da Allah da Hausa mai taushi, ta ce Dakta a rufa musu asiri. Ya yi dariya ya ce Hajiya ta kwantar da hankalinta, ya ci gaba da juya wayar.

Inna ta miƙe tsaye, ta nuna shi da yatsa.

"Put it down. Now."

Ban san ko muryar ce ko mamaki ba, hannun Dakta dai ya sauka, ya kife wayar a kan tabarma. Sai ajin gaba ɗaya ya amsa da murya ɗaya, yadda na koya musu: "Good boy."

A gabanta ya goge bidiyon, ya naɗe ƙyallensa ya sauka ba sallama. Washegari ya gaya wa mijin yayata mutanen Nuzla ba su san alheri ba, badi ba aji.

Ni dai bayan fitarsa dariya nake har da hawaye, sai na lura Inna ba ta yi. Tana ta tattara kwalabe.

"Malama, shi in hotonsa ya fita, tafi za a yi masa," ta ce. "Ni in nawa ya fita, wa zai ɗora wa yaran nan tukunya?"

Ta je ta rufe tagar, duk da zafin.