Shekara shida da aka ƙara wa Gambo

Shekara goma sha tara Gambo yana kai burodi a keke daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, kwana shida a mako, hawan tudu huɗu a kowace tafiya. Ni ke gyara masa keken, na ƙirga tayoyin da ya kashe, talatin da bakwai ne.

Bara aka shirya tseren keke a wannan hanya. Gambo ya yi wata biyu yana shiri, ranar rajista ya miƙa takardar haihuwarsa.

"Baba, iyakarmu shekara arba'in," in ji mai rubuta sunaye. "Kai arba'in da huɗu gare ka."

"Talatin da takwas ne, malam! Tsohona ya ƙara mini shida don kada a sa ni lakwal, makarantar boko, gona ta rasa hannu."

"To, koma tsohon ya rage."

Tsohon kuwa shekararsa tara a ƙarƙashin ƙasa.

Ranar tseren aka tare hanya, Gambo ya yi awa uku tsaye a gefe da kwandonsa. Mutum ashirin da shida suka wuce, sha ɗaya suna tura kekunansu a hawa na biyu. Ya juyo ya dube ni.

"Tsoho ya hana ni karatu," ya ce, "yau kuma ya hana ni wannan."