Ɗan da Ya Ƙi Juyawa

Shekara tara Gajeriya tana goge ɗakunan Hajiya a tsaye, da tsumma a bakin sanda. Da cikin Gajeriya ya kai wata takwas, ungozoma ta ce ɗan a zaune yake, kai sama. Ta ce ta riƙa durƙusawa kan hannu da gwiwa kullum, ko ya juya ta tsira daga wuƙar likita.

Hajiya mace ce mai tausayi. Da ta ji haka, sai ta karɓe sandar.

"Durƙusa ki goge, 'yar nan. Magani ne."

Wata guda Gajeriya tana rarrafe a ɗakuna shida. Ɗan bai juya ba, aka yi mata tiyata.

Hajiya ta je dubiya, ta girgiza kai.

"Laifinki ne. Kullum sai kin tsallake ƙarƙashin gado, ba kya gogewa."