Taki Ta Leƙo? Ta'aziyyar Yaya Hadjara Isha'aku

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Yaya Hadjara Isha'aku ta zo a Talata, sha biyu ga Sha'aban 1446, daidai da sha ɗaya ga Fabrairun 2025. Ta cika da hantsi a asibiti nan Jidda, bayan gajeriyar jinyar ciwon zuciya. Aka yi mata sallah bayan la'asar, aka kai ta makwancinta kafin faɗuwar rana. Ta bar 'ya'ya biyu, Thamer da Tahani, da jikoki, da kuma mu matan tsohuwar unguwar Karantina, waɗanda ba mu haɗa jini da ita ba amma kowaccenmu Yaya take ce mata.

Ki yi haƙuri, Yaya, ga azumi har ya raba ban rubuta komai a kanki ba. Ba mantuwa ba ce. Tukunyarki ce ta riƙe ni. Na yi ta jiran abin da ke cikinta ya fito tukuna, ina ganin kamar in ya fito zan iya yarda cewa kin tafi kin bar mana wani abu mai rai.

Na zo Jidda daga Maraɗi da ƙuruciyata, na biyo mijina Abdoulaye, ko sunan ruwa ban sani ba da Larabci. Ɗakinmu a Karantina bango ɗaya ne ya raba shi da naki. Ke kika koya mini cewa moya ake ce wa ruwa, ke kika nuna mini yadda ake ɗaura tukunyar gas ba tare da na tayar da unguwa ba, ke kike raka mu asibiti ki tsaya tsakaninmu da likita kina fassara. Kuma ke kika laƙaba mini Munira Mai-gaggawa, sunan da ya bi ni har 'ya'yana suka tashi suka same shi. Ban taɓa musa miki ba, don gaskiya ce.

Masa kike soyawa da safe a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo ya tsaya gefe yana kallon tanda, hannunsa babu komai, sai ki ɗebo guda uku ko huɗu ki ce, "Ɗauke mini waɗannan, sun ƙone, ba mai saye." Na zauna kusa da tandar nan shekara da shekaru, ban taɓa ganin masarki ta ƙone ba. Haka kyautarki take, sai kin sa mata wata riga don kada mai karɓa ya sunkuyar da kai.

A lungun da ke tsakanin ɗakinki da katangar maƙwabta, inda rana ba ta sauka sai ɗan lokaci da tsakar rana, nan kike ajiye shukarki. Wata irin gwaza ce ta ado, ba a cin ta, ganyenta faffaɗa, tsakiyarsa ja, jijiyoyinsa farare. Kin ba mu labarin yadda kika same ta: a gidan da kika taɓa yin aikin girki, uwargidan ta ga ganyen ya bushe, ta ce ta mutu, ta sa a fitar da tukunyar. Ke kuma tukunyar kika yi sha'awa, don zuba gawayin turare. Kika kawo ta kika tura ƙarƙashin matakala kika manta. Da sanyi ya wuce, sai ga wani ɗan tsini kore ya huda ƙasa. Tun daga ranar kike kiranta gwazar inuwa. Ba ta son rana. In sanyin Jidda ya shigo, wannan sanyin da mutanen Maraɗi za su yi wa dariya, sai ta zubar da ganye ta kwanta watanni, tukunya ta zama kamar ƙasa zalla. In iska ta fara ɗumi, sai ta turo kai a nannaɗe, kamar bakin tsinken kitso. Ke ba ki cewa ta tsiro, sai dai ki ce ta leƙo.

Shekarar da Allah ya karɓi ɗana na fari a wurin haihuwa, na kwanta na juya wa duniya baya. Ba na ci, ba na magana, Abdoulaye ya rasa yadda zai yi da ni. Mata suka yi ta shigowa da nasiha, ina jin su kamar daga nesa. Ke ba ki yi mini nasiha ba. Kika shigo da gwangwanin madara cike da ƙasa, kika ajiye shi can bayan ƙofar waje, kika ce, "Ajiye mini wannan, wurina ya cika. Kada ki zuba mata ruwa, kada ki tona. Ki dai riƙa duba mini ita da safe." Na ce ai ƙasa ce kawai. Kika ce eh, a duba dai. Daga nan kullum gari ya waye sai in ji muryarki ta bango: "Munira, ta leƙo?" Ba na iya yi miki ƙarya, dole in tashi in taka har ƙofa in duba kafin in ce tukuna. In na kai ƙofa kuwa, ga ki da ƙoƙon koko. Haka kika fitar da ni daga ɗakin nan da ƙafafuna, ban ma lura ba. Safiyar da na ga ɗan tsinin ya fito, na durƙusa gaban gwangwanin na yi kukan da na kasa yi tun ranar haihuwa, kina tsaye kina shafa bayana.

Da aka zo aka shafa jan fenti a bangayen Karantina, alamar a tashi za a rushe, kowa ya shiga neman motar da za ta ɗauki firiji da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ke kuwa kika shimfiɗa buhu a lungu, kika juye tukwanenki, kina rarraba 'ya'yan gwazar. Thamer yana ta kai da kawo yana cewa, "Yalla ya ummi, mota tana jira, wannan turab ne, ƙasa kawai!" Ba ki ko ɗaga kai ba. Kowace mace a layinmu sai da kika damƙa mata nata a ƙulle cikin tsumma, kina cewa a nema mata inuwa. Muka watse. Ke kika koma unguwar Kurayyat, ni na samu ɗaki a ɓangaren Hindawiyya da rusau bai kai ba, wasu suka yi Bahra, wasu Makka. Mutanen da a da in ka yi tari ɗaya sun ji ka, suka koma sai an hau mota biyu kafin a gan su.

Abin da ya hana mu ɓacewa juna shi ne wayarki. Duk ƙarshen sanyi sai ki bi mu ɗaya bayan ɗaya: "Taki ta leƙo?" Daga wannan tambayar ake zarcewa. Wurinki muke jin wadda ta haihu, da wadda mijinta ya rasa aiki, da wadda ke kwance ba mai kai mata abinci. Har Fatouma ba ki tsallake ta, ƙawarki ta tun zuwanku ƙasar nan, wadda kafilinta, Balaraben da ya tsaya mata, ya rasu, iƙamarta ta zaman ƙasa ta ƙi sabuntuwa, ta koma Damagaram bayan ta tsufa a Jidda. Tata gwazar ta ɓace a hidimar tafiya, kowa ya san haka. Ita sai ki ce mata, "Tawa ta leƙo, ta ce a gaishe ki."

Tun ƙaurar nan taki ba ta ƙara jin daɗi ba. Ƙarƙashin matakalar gidan Kurayyat akwai zafi, tukwanen suka yi ta raguwa har saura ɗaya, waccan ta asali. Da na je duba ki a asibiti, ga robar iska a hancinki, magana da ƙyar, abin da kika fara ce mini shi ne, "Mai-gaggawa, taki ta leƙo?" Na ce tukuna, Yaya, taki fa? Kika yi murmushi kika ce, "Tawa ta yi nisa bana." Na ɗauka barcinta kike nufi. Na ce za ta farka, ku duka biyu za ku tashi. Kika matse mini hannu. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

A kwanakin zaman makoki, matan Karantina suka taru kamar da. Na lura duk wadda za ta hau matakala sai ta ɗan tsaya ta kalli tukunyarki kafin ta wuce. Da aka tashi, Thamer ya ce za a mayar da gidan ga mai shi, Tahani za ta koma gidan ɗan'uwanta, kaya kuma za a rabar sadaka. Na ce a ba ni tukunyar. Ya ce, "Ɗauki, ya khala, halas, shi ke nan, ke kika san kanta." Khala suke ce mana, wato inna. Na rungumo ta a cinya har Hindawiyya, na ajiye ta kusa da tawa.

Sha'aban ya ƙare, azumi ya kama, iska ta yi ɗumi. Kullum da safe ina durƙushe gaban tukunyar nan, ina kallon ƙasar ta gefe da gefe ko zan ga ɗan tsagewa. Babu. Wayata kuma shiru, ba wadda ta kira wata, don mai tambayar ba ta nan. Na ji tsoro, Yaya. Na ga kamar in tukunyarki ta mutu, mu ma mun gama watsewa ke nan.

Ranar da Tahani ta zo gaishe ni, na yi abin da kika hana ni tun ina yarinya. Na sa yatsa na tona. Ban ji komai ba. Muka kawo faranti muka juye tukunyar gaba ɗaya, muna murza ƙasar da hannu. Ba gwaza, ba ruɓaɓɓe, ba ko saiwa. Tahani ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Khala, fen rahat? Ina ta tafi?" Kin san Hausarta, tana ji sarai amma in za ta yi sai Larabci ya riga ta. Ni kuwa da gaggawata har na fara zargin an musanya tukunya a wurin kwashe kaya. Muka zauna gaban farantin ƙasa muna kuka kamar ranar aka yi rasuwar.

Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara, lambar Nijar. Fatouma ce. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Munira, ta leƙo. Tun safe nake riƙe da waya, hannuna sai ya tafi kan lambar Yaya. Ban san wa zan gaya wa ba." Na ce wace ce ta leƙo, ke da ba ki da ita? Sai ta ba ni labari tana shessheƙa. Da ganyen ya zuba a farkon sanyi, kika tono gwazar, ita kaɗai da ta rage miki, kika naɗe ta a tsohon ɗankwalinki, kika cusa ta cikin dabino, kika ba wani ɗan Damagaram da ya zo umra ya kai mata. Saƙon da kika haɗa shi da shi kuwa, wai ta ajiye miki, wurinki ya yi zafi. Kika kuma ce kada ta gaya mana, don in mun ji kowaccenmu za ta tono tata ta mayar miki.

Ashe da kika ce ta yi nisa, Damagaram kike nufi. Ko a gadon asibiti ba ki yi mini ƙarya ba, ni ce ban fahimta ba. Kin ga kowa ana tambayarta ta amsa, Fatouma ce kaɗai ba ta da abin dubawa da safe, a garin da ta bari tun tana budurwa, inda yanzu ba ta san kowa ba. Shekarar da kika ba ta abin da za ta amsa miki da shi, a shekarar kika tafi. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, kuma har yanzu in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna.

Na mayar da ƙasar cikin tukunyarki. Na cire 'ya ɗaya daga gefen tawa, wadda asalinta daga gwangwanin madarar nan ne, na binne a ciki, na kai wa Tahani. Na ce ta ajiye mini, wurina ya cika. Ta dube ni ta yi dariya da hawaye, don ta gane. A ranar ta ɗauki wayarki ta fara bin lambobin. Ina zaune na ji ta tana cewa, "Khala Zakiya, naki ya leƙo?" Ta mayar da gwazar namiji, ba kuwa wadda ta gyara mata. Kowacce sai ta fashe da kuka, sannan ta amsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Thamer da Tahani da 'ya'yansu, da dangin marigayiyar na gida da na nan, da Fatouma a Damagaram, da dukan matan Karantina duk inda ƙaura ta jefa su. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi. Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Hadjara, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta ka sanyaya shi, ka karɓi kyautar da ta yi a ɓoye, wadda muka sani da wadda ba za mu taɓa sani ba. Ta yi rayuwarta tana nema wa abu mai rauni inuwa. Ya Allah, ka sa ta a inuwarka ranar da babu wata inuwa sai taka, ka tashe ta cikin salihan bayi, ka haɗa mu da ita a Aljanna Firdausi. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Saura amsa ɗaya da kike bi na, Yaya. A asibiti na ce miki tukuna. Tawa ta leƙo ranar Juma'ar farko ta azumi, kai biyu, ɗaya har ya fara buɗe ganye. Na juya zan ƙwala miki kira ta bango, kamar da.