Layi Ɗaya Ya Isa

A shagon tela Maryvonne da ke unguwar Croix-Rousse na ga wata mata, ina jiran siket ɗina. Tsohuwa ce 'yar firit, gashi fari fat, ga sanda jingine a gwiwa. Wuyanta yana ɗan rawa, amma hannun ko gezau.

Maryvonne tana fama da wata rigar biki da ƙirjinta ya ƙi zama. Tsohuwar ta miƙe, ta karɓe allin da ke hannun Maryvonne, ta ja layi ɗaya a tsaye, ta tsuke yadin da yatsu biyu. Nan take ƙirjin rigar ya tashi.

"Madam, ke ma tela ce?" in ji Maryvonne.

"Kusan haka, 'yata. Shekara arba'in ina tiyatar ɗaga nono. Da muka fara, tabon da ake bar wa mace kamar ƙugiyar jirgin ruwa yake: a zagaye kan nonon, a sauko, a kuma tsaga ƙasa daga gefe zuwa gefe. Na ce wa malaminmu tsagar ƙasan nan ba dole ba ce. Ya ce in koma gida in taya uwata ɗinki."

"Kika yi zuciya?"

"Na koma mana! Ai a wurinta na ga yadda ake tattare yadi."

Ina kallon yatsun nan, ina tunanin matan garin nan da ke tsayawa gaban madubi ba su kau da kai ba, albarkacin yatsun.

Ta ajiye allin, ta kaɗe hannu.

"Kafin malamin namu ya mutu, shi ma layi ɗaya yake ja. Ni na koya masa."